Nike ko Adidas: wanne hannun jari ya cancanci dalarka?

Duk wanda ya buɗe manhajar sayen hannun jarin Amurka ya duba yadda farashin Nike ya gangaro, abin da zai fara zuwa ransa shi ne kaya sun faɗi, lokacin kwasa ya yi. A watan Nuwamban 2021 hannun jari ɗaya ya haura dala 170. A watan Afrilun 2025 ya sauko ƙasa da dala 55. Ga shi kamfani ne da babu wanda bai san shi ba, shi ke ɗinka wa Super Eagles riguna tun 2015, kuma tambarinsa na kan ƙafar yara da manya, na gaske da na jabu. Mutum sai ya ce a ransa, ai irin wannan giwa ba za ta mutu ba.

Gaskiya ne, Nike ba ta kama hanyar mutuwa ba. Amma kamfani ya rayu daban, kai ka ci riba a hannun jarinsa daban. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, don na sha jin masu ɗan abin hannunsu suna auna Nike da Adidas kamar yadda ake auna ƙungiyoyin ƙwallo, kowa na goyon bayan wanda ya fi so. Kuɗin da mutum ya yi gumi ya tara sun fi ƙarfin a zuba su saboda son tambari. Wanda ya sayi Nike ya sa kuɗinsa ne a kan gyaran da har yanzu bai bayyana a riba ba. Wanda ya sayi Adidas ya sa nasa a kan cewa yayin da ake yi ba zai wuce da wuri ba. Kasada biyu ce mabambanta, kuma ya kamata mutum ya san wacce zuciyarsa da aljihunsa za su iya ɗauka.

Yadda Nike ta kori 'yan sarinta

Matsalar Nike ta samo asali ne daga wata shawara da ta yi kama da basira a lokacin da aka yanke ta. A watan Janairun 2020 John Donahoe ya karɓi shugabancin kamfanin. Ba ɗan harkar takalmi ba ne, tsohon shugaban eBay ne, mutumin cinikin intanet. Tunaninsa shi ne, me zai sa Nike ta riƙa raba riba da shagunan wasu alhali za ta iya sayar wa mutane kai tsaye ta manhajarta da shagunanta? Sai kamfanin ya rage kayan da yake ba manyan dillalai irin su Foot Locker, wasu ma ya yanke hulɗa da su gaba ɗaya. Zuwan annobar korona ya sa abin ya yi kamar duba aka yi, domin shaguna sun rufe kowa ya koma saye ta waya. A wannan yanayin ne farashin hannun jarin ya kai ƙololuwa.

Duk wanda ya san Kantin Kwari zai gane inda gizo ke saƙar. Ka ɗauki babban ɗan kasuwa mai atamfar da ake rububi, ya wayi gari ya ce wa 'yan sarinsa na Gusau da Maraɗi da Azare su daina zuwa, mai so ya same shi a shagonsa. A watannin farko ribarsa a kan kowane turmi za ta ƙaru. Amma su 'yan sarin ba za su rufe rumfunansu su koma gida ba. Za su nemo atamfar wani su cika kanta da ita, su yabe ta a gaban mai saye, har ido ya saba. Abin da ya faru ke nan. Kantar da Nike ta bari, On na ƙasar Suwizalan da Hoka da New Balance da Asics suka cike ta, musamman a takalman gudu, inda tun asali Nike ta kafa sunanta. Kamfanin da Phil Knight da mai horar da 'yan tsere Bill Bowerman suka kafa a 1964 don 'yan gudu, sai ga shi 'yan gudun na kallon wasu.

Kuskure na biyu shi ne dogaro da tsofaffin samfura uku: Air Force 1 da Dunk da Air Jordan 1. Da suka ga ana saye, sai suka yi ta zubo su launi-launi har kasuwa ta ƙoshi, abin da a da ake bin layi a samu ya koma sai an yi ragi. A ranar 28 ga Yunin 2024, bayan kamfanin ya sanar cewa cinikinsa zai ragu, hannun jarin ya faɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari a yini ɗaya, faɗuwa mafi muni tun da aka fara sayar da shi a 1980.

Alƙaluman ba su ɓoye komai ba. Shekarar lissafin Nike tana ƙarewa ne ranar 31 ga Mayu. A wadda ta ƙare a 2024 ciniki ya kai dala biliyan 51.4, riba kuma biliyan 5.7. A wadda ta ƙare a 2025 ciniki ya koma biliyan 46.3, riba ta koma biliyan 3.2. Wato ciniki ya ragu da kashi 10, riba kuwa da kashi 44.

A watan Oktoban 2024 aka dawo da Elliott Hill daga ritaya ya karɓi ragama. Shi ɗan gida ne, ya shiga kamfanin a 1988 a matsayin ɗan koyon aiki, ya yi shekara fiye da talatin a ɓangaren sayar da kaya. Abin da yake yi shi ne warware saƙar magabacinsa: lallashin dillalai su dawo, komawa sayarwa a Amazon a 2025 bayan ficewar 2019, rage yawan tsofaffin samfuran nan, da mayar da kuɗi kan wasanni da sababbin takalma. A ganina hanyar daidai ce. Sai dai gyara na da tsada, domin kafin a kawo sabon kaya dole a karyar da tsoho a share sito, kuma daga riba ake cire wannan ragin.

An fara ganin alama. A watanni ukun da suka ƙare a Agustan 2025 ciniki ya ɗan ƙaru da kashi 1, kayan da ake ba dillalai suka ƙaru da kashi 7, takalman gudu suka haura da sama da kashi 20. Amma abubuwa biyu sun tsaya wa kamfanin a wuya.

Na farko kuɗin fito. Nike ba ta da masana'antar takalmi tata, kwangila take bayarwa, kuma kusan rabin takalmanta a Biyetnam ake yi, sauran mafi yawa a Indunusiya da China. Da gwamnatin Donald Trump ta ƙara harajin kayan da ke shiga Amurka a 2025, kamfanin ya fara ƙiyasta cewa zai ci masa kusan dala biliyan 1, daga baya ya ɗaga ƙiyasin zuwa biliyan 1.5 a shekara. Auna wannan da ribar biliyan 3.2 ka ga girman ramin. Sama da kashi 40 na cinikin Nike a Arewacin Amurka yake, don haka babu mafaka.

Na biyu China, kuma wannan ya fi damu na. Kuɗin fito shawara ce ta gwamnati, gwamnati na iya sauyawa. Amma a China cinikin Nike ya sauko daga kusan dala biliyan 7.5 zuwa biliyan 6.6 cikin shekara guda, kuma a rahoton da ya fito a Disambar 2025 ya sake raguwa da kashi 17. Matasan can sun karkata ga kamfanonin gida irin su Anta da Li-Ning. Idan mai saye ya sauya ra'ayi ya koma alfahari da kayan ƙasarsa, ba talla ɗaya ko biyu ke dawo da shi ba.

Adidas: wanda ya riga ya fito daga rami

Labarin Adidas kamar na Nike ne aka gabatar da shi da shekara biyu. A Oktoban 2022 kamfanin na Jamus ya raba gari da mawaƙi Kanye West saboda kalamansa na ƙin jinin Yahudawa, aka bar shi da tarin takalman Yeezy, waɗanda yake ƙerawa da haɗin gwiwar mawaƙin, na sama da Yuro biliyan 1 a sito. Hannun jarin ya faɗo ƙasa da Yuro 100. A 2023 ya tafka asara, karo na farko cikin shekara fiye da talatin.

Bjørn Gulden, ɗan ƙasar Nowe, tsohon ɗan ƙwallo wanda ya shugabanci Puma kusan shekara goma, ya karɓi Adidas a Janairun 2023. Ya yi abu biyu cikin hanzari. Ya rungumi dillalai a daidai lokacin da Nike ke juya musu baya, sannan ya lura matasa sun fara neman tsofaffin kambas masu faifan tafi, Samba da Gazelle da Spezial, sai ya ƙara yawan ƙera su. Ciniki ya tashi daga Yuro biliyan 21.4 a 2023 zuwa biliyan 23.7 a 2024. Ribar gudanarwa, wato kafin a cire haraji da kuɗin ruwa, ta tashi daga miliyan 268 zuwa biliyan 1.3, kuma a Oktoban 2025 kamfanin ya ce yana sa ran kusan biliyan 2 a shekarar. Kuɗin fiton Amurka ya taɓa shi, amma da sauƙi, tunda Arewacin Amurka kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na cinikinsa.

To me ya rage? Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Abin da ya ɗaga Adidas, wato tsohon takalmi da yayi ya dawo da shi, shi ne ainihin abin da ya kayar da Nike. Samba takalmi ne da aka ƙirƙira tun wajen 1950. Yayi ne ya ɗauko shi, kuma yayi ba ya sallama idan zai tafi. Masu zuba jari sun san haka, shi ya sa hannun jarin da ya haura Yuro 250 a farkon 2025 ya sauko ƙasa da Yuro 200 a cikin shekarar, alhali riba na ƙaruwa. Kasuwar hannun jari gobe take saye, jiya ba ta dame ta ba. Tambayar da mai son Adidas zai yi wa kansa ita ce ko takalman gudu na Adizero da kayan ƙwallo da tufafi za su ɗauki nauyin idan Samba ta huce.

A fagen ƙwallo kuwa kowa ya ci ya kuma sha kashi. Adidas ke yin ƙwallon gasar cin kofin duniya tun 1970, ta kuma karɓe Liverpool daga hannun Nike a 2025. Ita kuma Nike ta ƙwace tawagar Jamus kanta daga 2027, bayan shekara fiye da saba'in tana hannun Adidas. Waɗannan labarai ne masu daɗin tattaunawa a majalisa, amma kada su zama dalilin sayen hannun jari, domin kwangilar riga kashe kuɗi ce kafin ta zama samu.

Wane ne mai araha a gaskiya?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Faɗuwar farashi ba ita ce araha ba. Araha ita ce nawa ka biya a kan kowace dala ta riba. A shekarar lissafin 2025 ribar Nike a kan kowane hannun jari dala 2.16 ce. A ce ka saya a dala 65, ka biya ninki 30 na ribar shekara ke nan. Wannan farashin kamfani ne mai bunƙasa, alhali cinikin raguwa ya yi. Idan ribar ta koma dala 3.73 da aka samu a shekarar da ta gabace ta, dala 65 ɗin nan ta zama ninki 17, wanda ya yi kyau ga kamfani irin wannan. Ma'ana, kasuwa ta riga ta saka wani ɓangare na farfaɗowar a cikin farashin. Idan Hill ya yi nasara za ka samu, idan gyaran ya ja shekaru za ka iya zama da kaya ba motsi, ko ma su ƙara sauka.

Sai dai akwai wani abu da ke hana ni yanke wa Nike ƙauna. A shekararta mafi muni cikin 'yan shekarun nan, a kowace dala 100 ta ciniki ta tsira da kusan dala 7 riba tsantsa. Adidas a 2024, shekarar da ake yaba mata, ta tsira da ƙasa da Yuro 4 a kowace 100, duk da cewa ribarta a kan kaya kafin sauran ɗawainiya ta fi ta Nike, kashi 50.8 a kan 42.7. Girma na da rana, kuɗin talla da na gudanarwa suna rabuwa a kan ciniki mai yawa. Gulden ya sa wa kansa burin kai ribar gudanarwa kashi 10 cikin ɗari, matakin da Nike ta saba wucewa a shekarunta na lafiya.

A rabon riba ma halinsu ya bambanta. Nike ta yi shekara fiye da ashirin a jere tana ƙara abin da take raba wa masu hannun jari, har a shekarun wahala. Adidas kuwa da ta shiga matsala sai ta zaftare nata daga Yuro 3.30 zuwa 0.70, sannan ta ɗaga zuwa Yuro 2 na shekarar 2024. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Amurka na cire kashi 30 na rabon riba daga mazaunin ƙasar da ba ta da yarjejeniyar haraji da ita, kuma Najeriya na cikin waɗannan. Mai hannun jari 100 a Nike, a rabon dala 1.60 a shekara da ake bayarwa a 2025, dala 160 aka rubuta masa amma 112 zai gani. Idan ya saye su a dala 65 kowanne, jarin dala 6,500 ya kawo ƙasa da kashi 2 cikin ɗari. Jamus ma na cire sama da kashi 26. Babu ɗayansu da za a saya don cin abinci daga rabon riba.

Abin da ya shafe mu kai tsaye

Sayen Nike ya fi sauƙi. Tana kasuwar New York da alamar NKE, kuma manhajoji irin su Bamboo da Trove suna ba mazauna Najeriya damar sayen hannun jarin Amurka, har da gutsuren hannun jari ga mai ƙaramin ƙarfi. Adidas a Frankfurt take. A Amurka takardar da ke wakiltar hannun jarin ce ake sayarwa da alamar ADDYY a wajen babbar kasuwa, biyu ke daidai da hannun jari ɗaya, kuma ba kowane dillali ke da ita ba. Kafin ka gama shawara, duba ko dillalinka na da ita, nawa yake caja, kuma yana da rajista da hukumar kula da kasuwar hannun jari.

Sai batun canji, wanda ke rufe wa mutane ido. A ce wani ya sayi Nike a dala 110 a tsakiyar 2023, dala tana wajen Naira 460 a hukumance. Ya kashe Naira 50,600. Daga baya farashin ya koma dala 70, dala kuma ta kai Naira 1,500, manhaja ta nuna masa Naira 105,000, ya ji daɗi ya ce kuɗinsa sun ninka. Da ya ajiye dalarsa 110 bai taɓa ba, da Naira 165,000 gare shi. Dala ce ta yi masa riba, Nike asara ta ja masa. Kuma idan Naira ta ƙara daraja lissafin juyawa yake yi. Ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi kuwa, Sefa a ɗaure take da Yuro a kan 655.957, don haka hannun jarin da ake lissafawa da Yuro ba ya ɗora musu irin wannan rawar canjin da dala ke ɗorawa. Wannan maki ne ga Adidas a wurinsu, in sun sami hanyar saye.

Ga mai neman tsarkin dukiya, sana'ar kamfanonin biyu halal ce a asalinta, takalmi da tufafi. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci da ke Bahrain, ya sharɗanta kada bashi mai ruwa ya kai kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, haka ajiyar da ke kawo ruwa, sannan kuɗin shiga marar tsarki kada ya wuce kashi 5, kuma a fitar da kasonsa sadaka daga abin da aka samu. Bashin Nike na dogon zango a 2025 wajen dala biliyan 8 ne, ƙarami idan aka auna da darajarta. Sai dai ma'aunin na motsi tare da farashi, don haka a riƙa sake dubawa, a kuma tuntuɓi malamin da ya san harkar.

Wani zai ce me zai hana a bar manyan a sayi waɗanda ke ƙwace musu kasuwa. On na bunƙasa da sauri amma tsadarsa ta fi ta kowa kuma ba ya rabon riba. Deckers, mai Hoka, hannun jarinsa ya zube da kusan rabi a 2025 da saurin cinikin ya ragu. Puma ta canza shugaba a shekarar ta kuma yi hasashen asara. Duk harkar ce ke rawa, ba kamfani ɗaya ba.

Inda na tsaya

Idan ana maganar wane kamfani ne ya fi lafiya a alƙaluman 2024 da 2025, Adidas ce, babu musu. Cinikinta na hawa, ribarta na hawa, kuma farashinta ya sauko ba tare da kasuwancin ya lalace ba. Ga wanda ke da hanyar saye cikin sauƙi, musamman mai riƙe da Yuro ko Sefa, kuma zai iya bin rahotanninta ya lura da ranar da aka fara karyar da Samba a shaguna, ita ce zaɓin da hujjarsa ke a ƙasa ana gani.

Nike kuwa ta mai dogon numfashi ce, wanda zai iya barin kuɗinsa shekara biyar ba tare da ya buƙace su ba, kuma ba zai firgita ba idan ya wayi gari sun ragu da kashi 20, tunda an taɓa yi. Ni nan na fi karkata, saboda ciwon Nike mafi yawansa da hannunta ta jawo, kuma wanda ya san gidan ne ke jinyar. Amma ba zan zuba a lokaci ɗaya ba, kuma ba zan bari kamfanin takalmi ɗaya ya wuce ɗan ƙaramin kaso na abin da na tara ba. Kuɗin makarantar yara da na haya da jarin shago ba su da hurumi a nan ko kaɗan.

Nike na fitar da rahoto sau huɗu a shekara, a Maris da Yuni da Satumba da Disamba. Zan raba abin da na ware kashi uku ko huɗu, in saka na farko, sauran kuma su jira rahoto. Abu biyu zan duba kafin in ƙara. Ribar kan kaya, wadda ta sauko zuwa kashi 40.6 a rahoton Disambar 2025, ta daina sauka ta fara komawa wajen 44 da take a da. Sannan cinikin China ya daina raguwa, ko da bai fara hawa ba. Idan rahoto biyu a jere suka nuna haka, zan ƙara ko da farashin ya ɗan tashi. Idan shekara ta zagayo babu ko ɗaya, sauran kuɗin za su tafi wani wuri.